Tafiya Da Kyamara: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin Ta Danna

A wannan wata tambaya ce zan fara yi miki. In yau ɗiyarki ta ce ki nuna mata hoton garin da kuka je biki shekara biyar da suka wuce, ko hoton kakarta ranar da ta dawo daga aikin Hajji, ina za ki nufa? Da yawa daga cikinmu amsar ba ta wuce "ai yana cikin wayar nan da aka sace", ko "memorin ne ya lalace". Iyayenmu da ba su ɗaukar hoto sai da Sallah ko biki, har yau albam ɗinsu na nan a ƙasan akwati. Mu da muke ɗaukar ɗaruruwa a wata guda, sai a wayi gari babu ko ɗaya da za mu bar wa jikoki.

Ni ba sana'ata ba ce ɗaukar hoto, sha'awa ce kawai da ta bi ni tun zamanin fim, lokacin da muke kai shi ɗakunan wanke hoto a nan Sakkwato, mu jira kwanaki kafin mu ga abin da ya fito. Fim guda hoto 36 yake ɗauka, don haka sai mutum ya yi tunani kafin ya danna. Abin da na tsinta daga wancan lokaci zuwa yau shi ne nake son mu raba da ke, musamman in kina cikin masu son riƙe kyamara in an yi tafiya.

WACE KYAMARA ZA KI SAYA?

Kafin ki tayar wa maigida da hankali a kan sayen babbar kyamara, fara duba wayar da ke hannunki. Yawancin wayoyin yanzu suna ɗaukar hoton da ya isa a wanke shi a sa a albam ba tare da ya dusashe ba. Kada mai shago ya ruɗe ki da yawan megafiksel. Guda 12 ma sun wadatar ga hoton gida, kuma abin da ya fi tasiri shi ne kyawun gilashin da yawan hasken da yake shiga.

Inda waya take gazawa wuri biyu ne: abu mai nisa da kuma wuri mai duhu. In kika ja hoto da yatsu biyu a waya, sau da yawa ba kusa ta jawo abin ba, yanko tsakiyar hoton kawai ta yi ta faɗaɗa shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Kyamara mai gilashin da ke fitowa ya koma ita ce ke jawo abu kusa da gaske. To, in kina son ɗaukar dawakin hawan Sallah daga nesa, ko tsuntsaye a bakin gulbi, nan ne kyamara ta fi waya.

In za ki sayi ta hannu, irin su Canon ko Nikon, je da wanda ya san kanta. A haska gilashin da tocila a ga ko akwai zane ko wani abu kamar saƙar gizo a ciki, domin wannan fumfuna ce, kuma gyaranta na da wuya. A ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai ɗigo-ɗigo. A tabbatar cajarta da batirinta na asali ne, kuma ana samun irinsu a kasuwa. Araha dai ba ta ado. Ga mai farawa, gilashin da aka saba haɗo kyamara da shi, wanda aka rubuta 18-55 a jikinsa, ya isa shekara da shekaru. Sauran kuɗin ki sa su a batir na biyu, memori biyu da jaka mai kyau.

ƘURA DA ZAFI, MAƘIYAN KYAMARA

Mu a Sakkwato abin da ke kashe kyamara ƙura ce da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke shiga ko'ina. Kada ki cire gilashi a fili a wannan lokaci. In dole ne, shiga ɗaki ko mota, ki kifa bakin kyamarar ƙasa, ki sauya da sauri. Kada ki goge gilashi da bakin hijabi ko gyale, domin ƙurar yashi ce, tana kartar gilashi. A fara hure ta da 'yar robar nan mai fesa iska, sannan a goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. In ba kya amfani da ita, sa ta a leda mai zif kafin ta shiga jaka.

A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa. Zafi na rage ƙarfin batir, yana iya kumbura shi. Kada ki bar kyamara ko waya a gaban mota. Da damina kuma laima ce matsalar. 'Yan ƙananan ƙunshin nan masu tsakuwa da ake samu a kwalin sabon takalmi, kada ki zubar, ki zuba su a jakar kyamara, suna tsotse laima. Sai dai a nisanta su daga yara.

In tafiyar ta jirgi ce, kamar Umra ko Hajji, ki sani batir na ajiya da abin tara caji ba a sa su a kayan awo, a jakar hannu ake riƙe su.

HASKE SHI NE HOTO

Wani malami Musulmi, Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekara ta 965, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke shiga ta ƙaramin rami cikin ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje a bango. A kan wannan ka'ida kowace kyamara take aiki har yau, har da ta wayarki. Saboda haka mai son hoto mai kyau haske take fara nema.

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Rana tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido, tana sa mutane runtse fuska. In dole sai da rana, kai mutanen inuwar bishiya ko zaure. Ki bar rana a bayanki ko a gefenki, domin in tana bayan wanda kike ɗauka fuskarsa baƙi za ta fito. Filashar ƙaramar kyamara ba ta wuce taku huɗu ko biyar, don haka kunna ta a babban fili da dare ɓarnar batir ce kawai. In yaro za ki ɗauka, durƙusa ki daidaita da tsawonsa. Sannan ki duba abin da ke bayan mutum kafin ki danna, kada turken lantarki ya fito kamar ya tsiro a kansa.

Hazon hunturu ma yana da nasa kyau. Na sha fita da sassafe wajen gadar Kwalkwalawa, a hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda manoman fadama ke ban ruwa, rana na fitowa ja kamar faifai ta cikin hazo. Hotunan da na fi so duka a irin wannan safiya na same su, kuma da ƙaramar kyamara.

BA SAI KIN YI NISA BA

Tafiya mabuɗin ilimi, amma ba lallai sai an tsallaka teku ba. A cikin birni akwai ƙofar fadar Sarkin Musulmi, da Masallacin Shehu da na Bello, da gidan tarihi na Waziri Junaidu. Akwai dukawa masu aikin fatar jar akuyar Sakkwato, wadda sunanta ya kai ƙasashen waje tun zamanin fatake. Akwai Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, da na ɗiyarsa Nana Asma'u. Wurin ziyara ne da addu'a, don haka ki bar kyamara a jaka har sai kin tambayi masu kula da wurin abin da aka yarda da shi.

A Argungu ta jihar Kabi akwai bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. In Allah ya kai ki, nemi tudu ki tsaya tun kafin a ba da izinin shiga ruwa, domin hoton yana cikin 'yan daƙiƙun da dubban masunta ke rugawa da goruna da homa. Bayan haka sai turmutsitsi da ƙura. Akwai hasumiyar Gobarau a Katsina, da marinar Ƙofar Mata a Kano, da hasumiyar masallacin Agadas a Nijar, ginin laka mai tsawon mita 27.

Sai dai 'yar'uwa, babu hoton da ya kai rai. Wasu hanyoyi, musamman na gabashin jihar, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, don haka a tambayi halin hanya kafin a tashi, a yi tafiya da muharrami, a dawo da rana. Kada ki ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro, ko barikin soja, ko bakin iyaka irin ta Illela. Abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin ban haƙuri.

HOTO AMANA NE

Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton abu mai rai da aka ɗauka da kyamara, kuma kowace mace ta bi abin da malaminta ya karantar da ita. Wadda ba ta ɗaukar mutane ma tana da gine-gine, gonaki da gulabe. Amma abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin tona asirin Musulmi da bayyana tsiraicinsa.

A gidan biki mata kan saki jiki domin sun san babu namiji. Wadda ta ɗaga waya ta ɗauke su ba ɗankwali, ta tura a zauren WhatsApp na dangi, ta shigar da maza ɗakin ke nan ba tare da sallama ba. Hoton da ya bar hannunki ba ya dawowa. Aure ya sha mutuwa a kan wannan, zumunci ya sha yankewa. Ki nemi izini kafin ki ɗauka, ki sake nema kafin ki tura. Mai tallar nono a kasuwa da almajiri a bakin titi su ma suna da mutunci. Ki gaisa, ki tambaya, in an ce a'a ki sauke kyamara da fara'a. In an yarda, nuna musu hoton, za ki ga yadda fuska ke sakewa, sau da yawa ma na biyun ya fi na farko kyau.

Ki kula da hotunan yaranki. Hoton da ke nuna bajen makaranta ko lambar gida yana gaya wa baƙo inda zai same su. Wayoyi da yawa kuma suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, ana iya kashe wannan a saitin kyamara. Kafin ki kai waya gyara ko ki sayar, cire memori, ki kwashe hotunan, ki share ta gaba ɗaya.

YADDA ZA KI ADANA SU

Hoton da ke wuri ɗaya tamkar ɓatacce ne. Da zarar kin dawo daga tafiya, kwashe su a kwamfuta ko wani memori, ki ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam. Ki sani WhatsApp na rage wa hoto inganci in an tura shi yadda aka saba, don haka wanda kike son wankewa ki tura shi a matsayin fayil.

Daga kowace tafiya zaɓi goma ko ashirin mafiya kyau ki kai a wanke su. A bayan kowanne rubuta wuri, shekara da sunayen waɗanda ke ciki da fensir, domin biro kan huda ko ya ɓata fuskar hoto. A ajiye albam nesa da rana, laima da gara. Tsofaffin hotunan iyaye kuwa, ki shimfiɗa su kusa da taga ba tare da filasha ba, ki sake ɗaukar su da waya, ki raba wa 'yan'uwa. Ki zauna da Hajiya tun tana da rai da lafiya ta faɗa miki ko su wane ne a ciki, domin ranar da babu ita, fuskoki ne kawai za su rage ba sunaye.

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.