Me Ya Sa Fenti Ke Ɓarewa Daga Jikin Kula?

A yau da wuya a shiga gidan biki, ko tashar mota, ko bakin makaranta, ba a ga kula ba. Masu sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara sun dogara da ita, matan gida kuma na adana abinci a cikinta. Da yake kuloli sun yi kama da juna, mutane da yawa kan shafa wa tasu fenti ko su rubuta suna a jikinta, domin kada ta ɓace a taro, ko domin ta jawo masu ciniki. Sai dai kafin a yi 'yan makonni fentin ya fara tashi, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Mai kula ya yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ma ɓarɓashin ya faɗa cikin abin sha. Akan ɗora laifin a kan arahar fentin, alhali kuwa matsalar tana ga robar kanta.

Halin Robar

Yawancin kuloli ana yin jikinsu ne da wata roba mai suna foliyetilin, wadda aka gano a Ingila cikin shekarar 1933, ko kuma da 'yar uwarta folifurofilin. Tsakanin bangon waje da na ciki akwai soso mai hana zafi ratsawa. Idan mai karatu ya kifa kula, sau da yawa zai ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiyarta. Lamba 2 na nufin foliyetilin mai ƙarfi, lamba 5 kuma folifurofilin.

Ƙwayoyin waɗannan robobi dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin kawai, wato ƙirarsu ɗaya da ta kakin kyandir. Ɗalibin ilmin halittu ya san wannan hali. Idan ruwan sama ya zuba a kan ganyen gwaza, ba ya jiƙa shi, sai ya dunƙule ya gangara, saboda kakin da ya lulluɓe ganyen. Haka fenti ke yi a jikin kula.

Dalili kuwa shi ne, ruwa ko fenti ba ya bazuwa a kan abu sai idan ƙarfin jan da fuskar abin ke da shi ya kai ko ya zarce ƙarfin da ƙwayoyin ruwan ke jan junansu da shi. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, ruwa na da kimanin 72, foliyetilin kuwa kimanin 31 kawai. Masana'antu kan so fuskar roba ta kai wajen 38 zuwa 40 kafin a shafa mata fenti. Saboda haka fentin da aka shafa wa kula kai tsaye zaune kawai yake a kanta, bai kama komai ba.

Bugu da ƙari, zafi na sa foliyetilin buɗewa kimanin ninki goma na yadda ƙarfe ke buɗewa. Kular da ta wuni a rana ta kwana a sanyi tana buɗewa tana tsukewa kullum. Fentin da ya bushe ya ƙandare ba zai iya bin ta ba, sai ya tsattsage.

Matakan Aiki

Na farko, wanki. A wanke kular da ruwan ɗumi da sabulun gari, domin maiƙon abinci da na hannu kan shiga tsakanin fenti da roba. Kada a yi amfani da kananzir, don shi ma maiƙo yake bari.

Na biyu, gurza. A goge duk inda za a shafa fenti da samfefa mai lamba 120, sannan a bi da mai lamba 220, har ƙyallin robar ya dushe. Gurzar na haifar da dubban ƙananan ramuka waɗanda fenti zai shiga ya riƙe, kamar yadda magini ke karce bango kafin ya yi yaɓe. Daga nan a share ƙurar da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da sifirit.

Na uku, fentin shimfiɗa. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci. Bambar motocin zamani da folifurofilin ake yin yawancinta, don haka masu sayar da fentin mota kan ajiye wani ruwa na musamman da ake fesa wa bamba kafin a yi mata fenti. Sinadarin da ke cikinsa dangin robar ne, amma an ƙara masa kulorin, saboda haka yana kama robar, fenti kuma yana kama shi. Shafi ɗaya marar kauri ya wadatar. A bi umurnin da ke jikin gwangwanin game da lokacin jira.

Na huɗu, launi. Fentin akirilik ya fi dacewa, domin yana da ɗan laushi bayan ya bushe. A yi shafi biyu ko uku marasa kauri, ana barin kowanne ya bushe. Shafi mai kauri samansa ke bushewa, ƙasansa na nan danye. A tuna kuma cewa baƙin launi na shan zafin rana, fari kuwa na mayar da mafi yawansa. Wanda ke sayar da ƙanƙara ya zaɓi launi mai haske.

Na biyar, rufi. A shafa fenti marar launi, irin wanda ke jure rana, sau biyu a kan aikin. Sannan a yi haƙuri. Bushewa daban, ƙosawa daban: fenti kan bushe cikin awa guda, amma ba ya kai ga cikakken ƙarfinsa sai bayan kwanaki. A bar kular a inuwa mako guda kafin a fita da ita. A guji yin aikin a ranar da hazon hunturu ya yi yawa, ko lokacin da iska ta cika da laima.

Tsimi da Lafiya

Wanki da gurza, waɗanda su ne rabin aikin, kusan kyauta suke. Idan kuɗi ya yi kaɗan, gara a rage yawan launuka a sayi fentin shimfiɗa. Gwangwani ɗaya zai ishi mutane da dama idan suka haɗa kuɗi. Haka nan ba dole ne a rufe dukan kula da fenti ba. A kewaye wurin da za a yi rubutu da salatif, a yi aiki a nan kaɗai.

Kada a taɓa shafa fenti a cikin kula, ko a bakinta inda murfi ke zama. Wasu fentocin mai na ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya na goyon bayan kada dalmar da ke cikin fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan. A karanta jikin gwangwani, a yi feshi a fili nesa da wuta, a kuma rufe hanci da baki. Masana'antu kan gilma wa roba harshen wuta domin fenti ya kama ta, amma kada a gwada haka a gida, don foliyetilin na narkewa a wajen digiri 130, soson da ke ciki kuma na cin wuta.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya samo tsohuwar jarka, ya raba gefenta kashi uku. A bar kashi na farko yadda yake, a gurje na biyu, na uku kuma a gurje shi a sa masa fentin shimfiɗa. A shafa wa dukansu fenti iri ɗaya. Bayan mako guda, malami ya tsaga ƙananan murabba'ai da reza a kan kowane kashi, a manna salatif, a fizge shi da ƙarfi. Ɗalibai su ƙirga murabba'an da suka tashi a kowane kashi, su rubuta sakamakon. Da idonsu za su ga cewa ƙarkon fenti a jikin roba ya dogara ne ga shirin da aka yi wa robar tun kafin a buɗe gwangwani.