Mi ke sa ƙullu ya tashi?

Mai karatu, ka san mi ke kumbura ƙullun fanke da na burodi? Yis ne. Yis abu ne mai rai. A shekara ta 1860, masanin Faransa Luwi Pastar ya tabbatar da haka.

Cikin kowace ƙwayar yis akwai ƴan murahu da ido ba ya gani, sunansu mitokondiriya. Can ne take ƙone abinci da iska, ta samu ƙarfi. Akwai kuma ƴan ma'aikata, ana ce musu anzim. Su ke buɗe umarnin da ƙwayar ta gada, su ke rufe shi.

In sukari ya yi yawa, sai su rage aikin murahun. Ƙwayar ta ci sukari da gaugawa, ta fid da iska. Iskan nan shi ke tada ƙullu. In sukari ya ƙare, sai su sake hura murahun.

To, ka kiyaye: tafasasshen ruwa kashe yis yake yi. In ya mutu, ƙullu ba ya tashi, jarinka ya tafi. Kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ka rufe, ka jira.