Dorugu, ɗan Damagaram da Hausarsa ta shiga Littafi Mai Tsarki

Duk wanda ya ratsa kusa da wata majami'a a Maraɗi, Damagaram ko Dogon Dutsi ranar Lahadi da safe, zai ji ana karatu da Hausa tsantsa: Allah, Ubangiji, Almasihu, Zabura. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan Hausa Nasara ne suka zauna suka tsara ta su kaɗai. To amma tarihin fassarar ya biyo ta bakin wani yaro ɗan ƙasar nan, wanda ba kasafai ake jin sunansa ba ko a lakkwal ko a gidajen rediyonmu.

Asalin littattafan da Kirista ke karantawa da Ibrananci da Girkanci aka rubuta su, aka yi ta kwafe su da hannu shekaru aru-aru, har aka soma buga su da inji a Jamus wajen 1455. Daga baya ƴan mishan, musamman na ɗariƙun Furotesta, suka dage a kan kowa ya karanta da harshen da ya sha a nono. Ƴan Baftis na cikin waɗanda suka fi riƙe wannan aƙida: William Carey ya sauka Indiya a 1793, ya ƙare rayuwarsa a kan fassara. A nan Nijar ma, ƴan Baftis da suka zauna Yamai sun ba da ƙarfinsu ga fassara da Zabarmanci.

Na Hausa kuwa wani Bajamushe ne ya soma shi, James Frederick Schön, ma'aikacin mishan ɗin Ingila ta CMS. Ya bi jirgin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma fitar da ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Amma fa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa tsinto ta ya yi daga bakin bayin da aka ƴanta, don haka yana matuƙar bukatar mai harshe da zai zauna da shi.

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye na yankin Kance, yamma da Damagaram. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi, aka yi Barno da shi, aka sayar. A Kukawa ya shiga hannun matafiyin nan Adolf Overweg, wanda ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdul Karim, ya ɗauke shi tare da wani yaro Margi mai suna Abbega. Da shi aka bi Damagaram, Katsina, Sakkwato da Sai har Tumbutu, kuma a 1855 yaran biyu suka isa Landan.

Schön ya karɓe su a gidansa. Dorugu yana magana, tsoho yana rubutawa: tatsuniyoyi, labarin garinsu, yadda aka kama shi, da abin da ya gani na cin abincin Turawa da al'adunsu. A 1857 aka buga Matiyu, Yahaya da Ayyukan Manzanni da Hausa; nahawun Schön ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, sai littafin Magana Hausa a 1885, inda labarin Dorugu yake da bakinsa. A ganinmu, kiran wannan aiki na Schön shi kaɗai rashin adalci ne. Alƙalami dai nasa ne, amma kunnen da ke cewa Bahaushe ba ya faɗin haka na yaron Kance ne.

Fassarar farko ba ta rasa tangarɗa ba, kuma ba abin mamaki ba ne: yaro ne da ya bar gida da ƙuruciya, ga malamin da bai taɓa jin Hausar kasuwa ba. Sai da likita Walter Miller ya zauna Zariya shekara da shekaru, shi da abokan aikinsa Turawa da Hausawa, kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932 da rubutun boko. Lokacin ƴan mishan na SIM sun riga sun sauka Damagaram tun 1924, sannan Tsibirin Gobir, shi ne kuma littafin da suka yi aiki da shi. Wata sabuwar fassara ta biyo baya a 1979.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kalmomin. Masu fassara ba su ƙirƙiro wa Mahalicci sabon suna ba. Sun tarar Bahaushe na cewa Allah, annabi, mala'ika, aljanna, zunubi, suka ɗauka. Shi ya sa Musulmi da Kirista a nan, duk da bambancin aƙida da ba mai ɓoye shi, da kalmomi iri ɗaya suke roƙo. Mun tuna da wannan a watan Janairun 2015, sa'ad da tarzoma ta ci majami'u da dama a Damagaram da Yamai, wasu na cewa kayan baƙi ne suke ƙonawa.

Dorugu, wanda aka yi wa baftisma da sunan James Henry, ya komo Afirka a 1864. Ya yi tafinta ga Turawa shekaru masu yawa, daga ƙarshe ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. A can ya rasu a 1912, shekara 20 kafin a kammala littafin da aka soma da bakinsa.