Iyakwandishan Mai Taya: Ya Cancanci Kuɗinsa Kuwa?

Daga ƙarshen watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, babu abin da ke hana mutanen Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram barci kamar zafi. Da rana ma'auni kan haura digiri 40, kwanon rufi da bangon siminti su sha rana su ƙoshi, da dare kuma su riƙa amayo ta cikin ɗaki. A bazarar 2024, wadda ta haɗu da azumi, zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu. A irin wannan lokaci ne masu shagunan kayan lantarki ke jero wata na'ura a bakin ƙofa: akwati ne da tsayinsa ya kai ƙugu, da tayoyi huɗu a gindi. Mai shago zai ce ba fasa bango, ba kiran mai haɗawa, in kuma an tashi daga gidan haya sai a ɗora shi a mota. Tallar na da daɗin ji, musamman ga wanda ya kwana uku yana juyi a kan katifa.

Kafin a zo maganar kuɗi, akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Na'urori biyu ne mabambanta ake sayarwa da suna ɗaya. Ta farko iyakwandishan ce ta gaske, da kwamfiresa da gas a cikinta, da wani ƙaton bututu a baya wanda dole a leƙa da shi waje. Ta biyun kuwa fanka ce mai tankin ruwa, wadda 'yan kasuwa ke kira kula. Duk akwatin da aka ce wa mutum iyakwandishan ne amma ba shi da bututun fitar da zafi, to kula ce, ko da me aka rubuta a jikin kwalin. Mutane da yawa sun biya kuɗin wannan sun koma gida da waccan.

Dalilin bututun kuwa yana cikin yadda na'urar ke aiki. Iyakwandishan ba ya ƙirƙiro sanyi, kwashe zafi yake yi daga wani wuri ya zubar a wani. Gas ɗin da ke zagayawa a cikinsa yana tsotse zafin iskar ɗaki, kwamfiresa ta matse shi, sannan ya saki zafin a ɗaya ɓangaren. Tun da injiniya Willis Carrier ya ƙera na'urarsa a 1902 don wata maɗaba'a a birnin New York, wannan ne ginshiƙin aikin. Shi ya sa na bango, wanda ake kira sifilit, ke da rabi a ɗaki rabi a waje, shi ya sa kuma tsohon na taga ke turo bayansa cikin lungu. Ɓangaren da ke zafi da ƙara ana barinsa waje ne da gangan.

Mai taya kuwa ya shigo da komai cikin ɗaki, kuma a nan matsalarsa take. Yawancin waɗanda ke kasuwa bututu ɗaya gare su. Don na'urar ta huce kanta, sai ta zuƙi iskar ɗakin, wato iskar da ta gama sanyayawa da kuɗin maigida, ta bi da ita ta kan ƙarafunanta masu zafi, ta watsar waje. Ɗaki kuma ba ya zama babu iska. Duk abin da aka fitar, sai wata ta maye gurbinta ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsagar taga, ta ɓular silin, kuma wadda ke shigowar ita ce mai zafin nan ta tsakar gida. Bututun kansa roba ce marar kauri, yana ɗaukar zafi yana mayar da wani abu cikin ɗakin. Na'urar na aiki, amma tana ɓarar da wani kaso na aikinta a kowane minti.

Wannan ba zargi ba ne kawai. A 2016 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fito da sabon tsarin gwajin irin waɗannan na'urori, wanda ke lissafa zafin da suke jawowa ɗaki. Da aka fara aiki da shi, na'urar da a da ake rubuta wa BTU 14,000, wato ma'aunin ƙarfin sanyayawa, sai ta dawo tsakanin 8,000 da 10,000. A kasuwanninmu da ƙarfin doki ake ciniki: doki ɗaya kusan BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi kusan 12,000. Ma'ana, wanda ya sayi mai taya na doki ɗaya da rabi, sanyin da zai samu a zahiri bai wuce na sifilit mai doki ɗaya ba, wani lokaci ma bai kai ba. Wutar kuwa cikakkiya zai biya.

To nawa ce wutar? Mai taya matsakaici kan ja wat 1,000 zuwa 1,400. A ɗauka 1,200 ne, a kunna shi awa takwas na dare, ya cinye yunit tara da rabi ke nan. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa ɗari biyu da 'yan kai. A wannan farashi, dare ɗaya ya doshi naira 2,000, wata guda kuma naira 60,000, a ɗaki ɗaya tal. Fankar sama mai wat 75 ba ta kai yunit ɗaya a daren.

Wannan lissafin na mai wuta ne. Ga mafi yawan unguwanni, inda ake ɗauke ta a daidai lokacin da aka fi bukata, sai an koma kan inji, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita sai an yi tunani. Ƙaramin injin nan da ake kira Tiger ba zai ko tayar da na'urar ba, domin kwamfiresa kan fizgi wuta ninki-ba-ninki a lokacin tashi. Mai sola shi ma ya yi lissafi: batir mai amfiya 200 na gargajiya, in ana so ya yi ƙarko, abin da za a ɗiba daga cikinsa bai fi yunit ɗaya da ɗan wani abu ba. Dare ɗaya na mai taya zai buƙaci irinsa wajen takwas. Ga kuma wutar da ke zuwa da rauni, wadda ke ƙona kwamfiresa in babu sitabilaiza.

Sai ƙananan wahalhalu da ba a faɗa a shago. Kwamfiresar tana kwana kusa da kan mutum, ƙararta kan kai ta mutane biyu masu hira, ga tashi da tsayawa da ke farkar da mai barci marar nauyi. Allon da ake haɗowa da shi don toshe taga an yi shi ne don tagar da ake zugewa, alhali tagoginmu da yawa masu buɗewa waje ne ko masu gilashi jere, da ƙarfen tsaro da ragar sauro. Sau da yawa sai an kira kafinta ya yanko falanki ya huda. In aka bar gefen bututun a buɗe, zafi da sauro sun sami hanya. Da damina tankin ruwan da na'urar ke tatsa daga iska kan cika, ta kashe kanta da tsakar dare. Da hunturu ƙura kan toshe matatarta cikin mako biyu. Kuma tayoyin ba su kai ta ko'ina ba sai inda akwai tagar da aka shirya mata.

Me ya sa to ake ƙera ta da yawa? Saboda akwai ƙasashen da ta dace da su. A Ingila ko Jamus zafin 'yan makonni ne a shekara. Sai a watan Yulin 2022 ne Ingila ta fara ganin ma'auni ya haura 40 a tarihinta. Gidaje da yawa a can na haya ne ko tsofaffin gine-gine da doka ta hana a maƙala musu komai a bango, wuta kuma ba ta yankewa. Mutum ya fito da na'urar daga sito a watan Yuli, ya mayar a Satumba, asarar ba ta dame shi ba. Wanda zai kunna ta wata uku ko huɗu a jere cikin zafin Sakkwato yana wani hali ne dabam.

Abin sha'awa shi ne, kular nan da ake yi wa kallon ƙanwa ta fi dacewa da bazararmu. Aikinta irin na randa ne: ruwa na tsattsafowa yana bin iska, yana tafiya da zafi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Kula tana busa iska ta cikin jiƙaƙƙen kushin, kuma iya bushewar iskar iya sanyin da za ta bayar. A watan Maris da Afrilu iskar Arewa a bushe take ƙayau, don haka ana jin bambanci sosai. A Khartoum da Yamai an daɗe ana amfani da manyanta a gidaje. Wutarta wat 60 zuwa 200 ce, ƙaramar sola ma ta ɗauke ta. Sharaɗinta a bar taga a buɗe, a riƙa sauya ruwa da wanke tanki. Da zarar damina ta kankama iska ta yi laima, amfaninta ya ragu, a Legas ko Fatakwal kuwa tun farko ba ta da wani tasiri. Ba za ta mayar da ɗaki kamar cikin banki ba, amma tana sa a yi barci.

Duk da haka akwai waɗanda mai taya ke yi wa rana. Ɗan hayar da maigida ya hana shi huda bango, ma'aikacin da ake yawan yi wa canjin gari, gidan da ke da tsoho ko majinyaci wanda zafi ke yi wa barazana kuma ana bukatar sanyi yau, ba gobe ba. Ga irin waɗannan, muddin akwai tsayayyar wuta, sanyi ragagge ya fi babu. Sai dai su nemi mai bututu biyu, wanda ke jawo iskar huce kansa daga waje ya mayar da ita waje ba tare da ya taɓa ta ɗaki ba. Su duba ƙaramin adadin BTU a kwali, ba babban ba. Su gajarta bututun, kada ya lanƙwashe, su toshe gefensa tsaf, su zaɓi ƙaramin ɗaki mai silin da labule mai kauri. In an kawo na'urar a kwance, a bar ta tsaye na wasu awoyi kafin a kunna, don man kwamfiresa ya koma mazauninsa.

Ga wanda gidan nasa ne, ko maigidan haya ya yarda a yi huda ɗaya, sifilit mai inbata ya fi ta kowace fuska: ya fi sanyi, ya fi shiru, ya fi tsimin wuta, masu gyaransa kuma suna kowace unguwa. Kuɗin haɗawar da ake gudu zai dawo daga rarar kuɗin wuta. Wanda kuma wutarsa ba ta da tabbas, ya sayi kula mai kyau da fanka mai caji, ragowar kuɗin ya sa a yi wa ɗakin silin. Mai taya zaɓi ne na wanda sauran hanyoyin suka toshe masa, kuma ko shi, kada ya biya sai ya zagaya bayan akwatin ya ƙirga bututun da idonsa.