Wutar jin ɗumi a tsakar gida: a hannun wa take kwana?

Ƴan'uwa mata, sanyi ya shigo. Daga Disamba har Fabrairu, da an idar da sallar isha'i sai a tara kara da ƴan itatuwa a tsakar gida a hura wuta, yara su kewaye ta, kaka tana yi musu gatana, wani ya cusa dankali cikin toka. Ba mu ce a bar jin ɗumi ba, mu ma da shi muka tashi. Abin da ya same mu bara ne muke so ku ji.

Wata ƴar ƙungiyarmu mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta ɗauki bashin jikka 30 daga asusu, ta sayi gujiya ta ajiye ƙarƙashin rumfa, jikin danni. A kan rumfar an jibge harawar awaki. Wani dare suka ji ɗumi, kowa ya shige ɗaki. Ita ta ɗauka abokiyar zamanta za ta kashe wutar, abokiyar zaman ta ɗauka babbar ɗiyar gidan ta kashe, yarinyar kuwa ta ga harshen wuta ya kwanta, ta ce ai ta mutu. Tsakar dare iska ta taso ta kwashi tartsatsi ta kai wa danni. Kafin maƙwabta su kawo ɗauki, rumfa da harawa da gujiya sun tafi. Rumbu da ƙyar ya tsira. Ɗanta ɗan shekara uku ya fito da gudu ya taka garwashi, ya yi wata guda ba ya taka ƙafar.

Ranar zubi muka cire mata wani abu daga asusun agaji, muka ƙara mata wa'adin biya. Ana ta jaje, ana cewa ƙaddara ce. Sai wata dattijuwa cikinmu ta ce: "Ƙaddara gaskiya ce, ɗiyana. Amma akwatin nan namu makulli uku gare shi, kowane mun san hannun da yake. Wutar gidajenmu fa, hannun wa take kwana?" Duk muka yi shiru. A nan muka tsaida dokoki, kamar yadda muke da dokar zubi da ta tara.

Wuta ta samu wurinta

Mun bar hura wuta duk inda aka ga dama. Kowace ta haƙa ɗan rami, zurfin taƙi guda, ta kewaye shi da tubali ko laka, don iska ta kasa kwasar garwashi. Mun tsaida taku goma tsakaninsa da danni, zana, rumbu da tarin kara. In gida ya yi ƙunci, sai a ƙaranta wutar. Ku lura kuma, iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, saboda haka tartsatsi yamma da kudu yake nufa. A duba abin da ke wannan ɓangaren kafin a ƙyasta ashana. Daren da iska ta yi ƙarfi, a haƙura a ja bargo.

Kada a tada wuta da isansi, ko ɗigo. Tururinsa kan kama tun kafin a matsa, wutar ta biyo har cikin kwalbar da ke hannu. Mai ajiye bidon isansi na sayarwa, ta nisanta shi. Leda ma a bar ta: hayaƙinta cuta ne, in ta narke ta ɗiga a fata sai ta manne. Gwangwanin maganin sauro da tsohon batir fashewa suke yi, kada yara su jefa su ciki.

Wuta ta samu mai ita

Wannan ita ce babbar dokar. Wadda ta hura, ita ke kashewa. In barci ya rinjaye ta, ta kira sunan wata ta damƙa mata, waccan ta amsa da bakinta. Ba a barin wa yaro wannan aiki.

Rufe wuta da toka ba kashewa ba ne. Mu da kanmu haka muke yi in muna son mu tarar da garwashi da asuba. Ko rairayi aka tura a kai, zafin yana nan a ƙasa, yaro ba ya ganinsa sai ya taka. A baje garwashin, a yayyafa ruwa, a motsa da ice, a ƙara ruwa, har a kara bayan hannu kusa a ji ba zafi. Bokitin ruwa ya zauna kusa tun kafin a hura. Malamai ma suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umurni da kashe wuta in za a kwanta.

Yara da tufafinmu

Mai rarrafe da mai koyon tafiya, a cinya suke jin ɗumi. Tsofaffi da masu farfaɗiya kada a bar su su kaɗai gaban wuta. Mu ma mu kula: hijabi da mayafin roba nan da nan suke kamawa, su narke a jiki. A tattare su kafin a duƙa. In tufa ta kama, kada a ruga, gudu hura ta yake yi. A kwanta a yi birgima, na kusa ya lulluɓa bargo ko ya kwara ruwa. Masu tuya kuma, in mai ya kama cikin kasko, a rufe da murfi. Ruwa watsa shi yake yi.

Garwashi ba ya kwana cikin ɗaki

Da yawa cikinmu kan ɗebi garwashi a kasko mu shiga da shi ɗaki mu rufe ƙofa, musamman ga mai jego. Gawayi yana fidda wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa sai dai a tarar da shi. In an ga haka, a buɗe ƙofa, a fidda kowa waje, a nufi gidan likita.

In an ƙone

A yi ta zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi irin na randa, minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne kada a ɓamɓare ta, ƙurjin ruwa kada a fasa shi. Man ja, ɗanyen ƙwai, man goge baki, tawada, gishiri, duk a bar su, ba abin da suke ƙarawa sai ƙazanta. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin yaro kada sanyi ya kama shi. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko tana fuska, hannu, ƙafa ko al'aura, ko jariri ne, a kai likita a ranar. A birane, lambar masu kashe gobara 18 ce.

Ƴar'uwarmu ta gama biyan bashinta, yaron yana gudunsa, tabon dai yana nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar zubinku mai zuwa, kafin a buɗe akwati, shugaba ta tambayi kowace: jiya wa ta kashe wutar gidanku? Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.