Tara kuɗi a ƙungiyoyin renon matasan Lakota

Tara kuɗi a ƙungiyoyin renon matasan Lakota shi ne aikin samo wa ƙungiyoyin agaji, waɗanda ba sa neman riba, kuɗin da za su haɗa yara da matasa marasa galihu na ƙabilar Lakota da manyan da za su jiɓince su. Akasarin waɗannan ƙungiyoyi suna jihar Dakota ta Kudu a ƙasar Amurka, a yankunan da aka keɓe wa ƙabilar kamar Pine Ridge, Rosebud da Cheyenne River, da kuma birnin Rapid City. A ƙananan ƙungiyoyi shugaban ƙungiya ne da kansa yake riƙe wannan aiki, a manya kuma akan naɗa darakta na musamman. Nauyi biyu ne a kan mai riƙe da shi: ya samo kuɗin da ba za su yanke ba har yaro ya girma, kuma ya samo su ba tare da ya zubar da mutuncin yaron ko na danginsa ba.

Asali

Lakota reshe ne na haɗakar al'ummomin da ke kiran kansu Oceti Sakowin, wato wutar majalisa bakwai, waɗanda Turawa suka fi sani da sunan Sioux. Su kansu Lakota sun rabu gida bakwai, daga ciki akwai Oglala, Sicangu da Hunkpapa. A yarjejeniyar Fort Laramie ta shekarar 1868, gwamnatin Amurka ta amince cewa duwatsun Black Hills, waɗanda Lakota ke kira He Sapa, mallakarsu ne. Bayan an gano zinariya a wurin a 1874, gwamnati ta ƙwace su a 1877. A shekarar 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin a biya diyyar sama da dala miliyan 100, amma al'ummomin suka ƙi karɓa, domin a ganinsu karɓar kuɗin daidai yake da sayar da ƙasar. Har yau kuɗin suna ajiye a hannun gwamnati, kuma da ruwan da suka tara sun haura dala biliyan 1. Wannan labari yana nuna cewa a wurin Lakota ba kowane kuɗi ake karɓa ba, komai tsananin buƙata.

Buƙatar majiɓinta ga yara tana da nata tarihin. Daga shekarar 1879, lokacin da aka buɗe makarantar Carlisle a jihar Pennsylvania, aka riƙa kwashe yaran 'yan asalin Amurka zuwa makarantun kwana, inda ake aske musu gashi, a canja musu suna, a hana su magana da harshensu. Ɗaliban farko na Carlisle daga Rosebud da Pine Ridge aka ɗauko su. Daga baya kuma hukumomin jin daɗin jama'a suka riƙa raba yara da iyayensu suna miƙa su ga iyalan da ba 'yan ƙabila ba, abin da ya sa majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar kare yaran 'yan asalin ƙasa a 1978. Tsatso bayan tsatso sun tashi ba su ga yadda kakanninsu ke renon yaro ba. A yau gundumar Oglala Lakota, inda mafi yawan Pine Ridge yake, da gundumar Ziebach ta yankin Cheyenne River, suna cikin gundumomin da suka fi talauci a Amurka.

Ɗabi'un Lakota da matsayin kyauta

Akan ambaci manyan ɗabi'u huɗu a tarbiyyar Lakota: wacantognaka, wato karamci, woohitika, wato jarumta, wowacintanka, wato juriya, da woksape, wato hikima. Wasu malamai sukan lissafa bakwai, marubuci Joseph Marshall na Uku kuma ya kawo goma sha biyu a littafinsa The Lakota Way na shekarar 2001. Kalmar da suke kiran yara da ita, wakanyeja, tana ɗauke da kalmar wakan mai nufin abu mai tsarki. Yaro ba na iyayensa kaɗai ba ne, na tiyospaye ne, wato dangi baki ɗaya. Akwai ma bikin hunka, wanda ake mayar da bare ya zama ɗan'uwa, da dukkan haƙƙoƙin da ke tattare da haka.

A al'adar Lakota ba da abin da mutum ya tara ake auna girmansa ba, da abin da ya rabar ake aunawa. Idan an yi raɗin suna, ko an kammala karatu, ko mamaci ya cika shekara, iyali sukan shirya bikin rabo su ba da barguna, kayan gida, a dā har da dawakai. Bargo mai zanen tauraro, wanda mata ke ɗinkawa, shi ne kyautar karramawa da aka fi sani. Dokar hukunta laifuffukan 'yan asalin ƙasa ta 1883 ta haramta raye-rayen ibada da wasu al'adun rabar da dukiya, amma al'adar ba ta mutu ba.

Saboda haka ƙungiyoyin da ke bin waɗannan ɗabi'u ba sa ɗaukar mai bayarwa a matsayin na sama, mai karɓa na ƙasa. Kyauta tana zagayawa ne tsakanin dangi, kuma wanda ya karɓa yau shi ne mai bayarwa gobe. Godiyar da ake kira wopila ba ta tsaya a kan takardar shaidar karɓar kuɗi ba, takan haɗa da ciyarwa, addu'a da kyauta.

Fitattun ƙungiyoyi

Running Strong for American Indian Youth an kafa ta a shekarar 1986. Waɗanda suka kafa ta su ne Billy Mills da Eugene Krizek. Mills ɗan Oglala ne, an haife shi a Pine Ridge a 1938, ya zama maraya yana ɗan shekara 12. A gasar Olamfik ta birnin Tokyo a 1964 ya ci lambar zinariya a tseren mita 10,000, kuma har yanzu shi kaɗai ne Ba'amurken da ya taɓa cin zinariya a wannan tsere. Ya sha bayyana aikin ƙungiyar a matsayin nasa bikin rabon, wato hanyar rama alherin da al'ummarsa ta yi masa. Shekara da shekaru yana yawo yana jawabi domin jawo masu ba da gudummawa. Shirin ƙungiyar mai suna Dreamstarter yana ba matashi tallafin kuɗi don ya aiwatar da wani buri nasa a cikin al'umma, tare da wata ƙungiya da za ta tsaya masa.

Cheyenne River Youth Project ta fara aiki a 1988 a garin Eagle Butte, a wani tsohon gidan giya da aka mayar wurin zaman yara bayan an tashi daga makaranta. Julie Garreau ce ta jagorance ta tun daga farko. A 1999 aka buɗe sabon ginin yara da tallafin Running Strong, aka sa masa sunan Billy Mills. A 2006 aka buɗe cibiyar samari da 'yan mata mai suna Cokata Wiconi. Ƙungiyar tana da lambu, da shirin koyon aiki na matasa, da bikin zanen bango mai suna RedCan da aka fara a 2015, da kuma gangamin tattara kyaututtukan yara na ƙarshen shekara.

Friends of the Children ƙungiya ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda Duncan Campbell ya kafa a birnin Portland a 1993. Tana ɗaukar yaro yana ɗan shekara 4 zuwa 6, ta haɗa shi da majiɓinci mai cikakken albashi, ta yi alkawarin ba za ta rabu da shi ba har ya gama sakandare, wato shekara 12 ko fiye. A 2022 ta buɗe reshenta na He Sapa a Rapid City, wanda 'yan asalin ƙasa ke shugabanta, kuma a nan ana kiran majiɓintan da sunan dangi. A wannan shekarar ce attajira MacKenzie Scott ta ba uwar ƙungiyar da wasu rassanta kyautar dala miliyan 44.

Inda kuɗin ke fitowa

Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan yi rajista a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka. Rajistar tana yafe musu harajin shiga, tana kuma ba mai gudummawa damar rage nasa harajin. A madadin haka suna cika takardar bayanin kuɗi mai lamba 990 duk shekara, wadda kowa zai iya dubawa ya ga abin da ya shigo da yadda aka kashe shi.

Hanyoyin samun kuɗin sun haɗa da ɗaiɗaikun mutane, masu aiko da ƙananan gudummawa ta gidan waya ko ta intanet, gidauniyoyi, irin su Bush Foundation da ke jihar Minnesota, wadda ke aiki a Dakota ta Kudu da ta Arewa, tallafin gwamnatin tarayya da ta jiha da ta ƙabila, kamfanoni, da wasiyyar da wasu ke bari. Akwai kuma cibiyoyin da 'yan asalin ƙasa suka kafa da kansu suna raba tallafi, kamar First Nations Development Institute, wadda aka kafa a 1980, da NDN Collective ta Rapid City, wadda aka kafa a 2018.

Duk da haka kason da ke isa ga waɗannan al'ummomi ƙarami ne ƙwarai. Wani rahoto da Native Americans in Philanthropy da Candid suka fitar a 2019 ya nuna cewa daga 2002 zuwa 2016, kimanin kashi 0.4 cikin ɗari ne kawai na tallafin manyan gidauniyoyin Amurka ya tafi ga 'yan asalin ƙasa. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi da yawa suka dogara da ƙananan masu bayarwa da ke zaune nesa, waɗanda ba su taɓa taka ƙafa a yankin ba.

Aikin shugaban tara kuɗi

Shugaban tara kuɗi yana tsara wa ƙungiya shirin kuɗi na shekara tare da kwamitin amintattu. Shi ke rubuta takardun neman tallafi, ya kula da rajistar masu bayarwa, ya ziyarci manyansu, ya shirya taruka, sannan ya rubuta rahoton yadda aka kashe kowane tallafi kafin wa'adinsa ya cika.

Babbar matsalarsa ita ce bambancin lokaci. Tallafin gidauniya yakan ƙare cikin shekara ɗaya zuwa uku, alhali alkawarin da aka yi wa yaro na shekara goma sha biyu ne. Idan kuɗi suka yanke, majiɓinci ya bar aiki, yaron da dā ma manya sun sha juya masa baya zai sake fuskantar rabuwa. Don haka shugaban yakan fi neman tallafin shekaru da yawa, da kuɗin da ba a ɗaure su da sharaɗi ba, waɗanda za a iya biyan albashi, man mota da wutar lantarki da su. Yakan kuma guji dogaro da mai bayarwa guda ɗaya, ya yi ƙoƙarin ware asusun ko-ta-kwana. Nisa ma kuɗi ne: daga garin Pine Ridge zuwa Rapid City tafiyar kimanin awa biyu ce a mota, kuma sanyin hunturu yakan rufe hanyoyi.

Wani ɓangaren aikin shi ne tafinta tsakanin duniya biyu. Gidauniyoyi suna son alƙaluma: yara nawa suka gama makaranta, nawa suka kauce wa shiga hannun hukuma. Iyaye da dattawa kuma suna duba wasu abubuwa dabam: ko yaron ya san danginsa, ko yana jin harshen Lakota, ko an raɗa masa sunan gargajiya. Dole shugaban ya kawo duka biyun a rahotonsa, ya kuma shawo kan mai bayarwa cewa kuɗin ciyar da taron dangi ko na karrama dattijon da ya koyar da yara ba almubazzaranci ba ne, tushen aikin ne.

Muhawara kan tallata talauci

Hoton yaro cikin tsumma da labarin uba mashayi suna saurin buɗe aljihun mai bayarwa, kuma an daɗe ana amfani da su wajen neman kuɗi da sunan Lakota. A watan Nuwamba na 2014 tashar CNN ta ba da rahoto kan wasiƙun neman gudummawa da makarantar St. Joseph's Indian School ta garin Chamberlain ke aikawa, masu ɗauke da sa hannun yaran da babu su. Makarantar ta amsa cewa sunayen ƙirƙirarru ne, amma ta ce labaran sun yi daidai da halin da ɗalibanta ke ciki. Shugabannin 'yan asalin ƙasa da dama sun soki wannan salo, suna masu cewa yana ƙarfafa mummunan zaton da ake yi wa al'ummarsu domin a sami kuɗi.

Ƙungiyoyin da ke bin ɗabi'un Lakota sukan ɗauki wata hanya. Ba sa buga hoton yaro ko labarinsa sai da izinin iyalinsa. Sukan nuna abin da yaron ya iya, kamar zane, noma, hawan doki ko karatu, maimakon abin da ya rasa. Idan an ambaci talauci, akan haɗa shi da dalilansa na tarihi, wato ƙwace ƙasa da makarantun kwana. Ba a ɗaukar hoton bukukuwan ibada don talla. Wasu lokuta shugaban yakan ƙi karɓar tallafin da sharuɗɗansa suka saɓa wa muradin al'umma.

Wannan hanya tana da tsada, domin kuɗi ba sa shigowa da sauri kamar yadda suke shigowa ta hanyar ban tausayi. Masu goyon bayanta suna ganin cewa mai bayarwan da aka jawo ta hanyar tausayi yakan bayar sau ɗaya ya wuce, amma wanda aka karɓa a matsayin dangi yakan zauna shekaru, kuma irin wannan zama ne kaɗai ya dace da tsawon alkawarin da aka yi wa yaro. Wata haɗakar ƙungiyoyin agaji na 'yan asalin ƙasa mai suna Native Ways Federation, wadda Running Strong ke cikin waɗanda suka kafa ta, tana wayar da kan masu bayarwa su riƙa bincika ko 'yan asalin ƙasa ne ke shugabantar ƙungiyar da ke neman kuɗinsu, da kuma ko kuɗin suna isa ga al'ummar da aka ambata.