Idan Farce Ya Kifu Kamar Cokali

Yau a kan farce za mu tattauna. Mu mata dai ba a koya mana kula da farce, ga ƙunshi ga gyara, sai dai kwalliyarsa muke dubawa, ba kasafai muke lura da siffarsa ba.

Akwai wani sauyi da kan samu farata na hannu da na ƙafa: kan yatsa ya yi ƙato ya mulmule kamar kan makaɗi, farcen ya lanƙwasa ya rufe shi kamar an kifa cokali. Idan kika danna gindin farcen sai ki ji laushi, kamar yana lilo a kan wani abu. Ba ya zafi, shi ya sa ya bambanta da karkare, wanda ke zuwa da zogi a yatsa ɗaya ya hana barci. A hankali yake zuwa, yawanci a hannu biyun, har mai shi ya saba ya ɗauka halittarsa ce. Kada kuma ki haɗa shi da farcen da ke lotsawa a tsakiya har ya iya riƙe ɗigon ruwa, wannan galibi ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini.

Ga gwajin da za ki yi yanzu. Haɗa manuniyar dama da ta hagu baya da baya, farce ya jingina da farce. Ga mai lafiya, za ki hango 'yar kafa kamar taga a gindin faratan. Idan kafar ta rufe ruf, to akwai alamar tambaya. Wani likitan zuciya ɗan Afirka ta Kudu, Leo Schamroth, shi ya bayyana wannan gwaji a 1976, kuma a yatsunsa ya gano shi lokacin da ƙwayoyin cuta suka kama zuciyarsa.

To me ke kawo shi? Mafi yawa daga huhu ne. Ga manya, sankarar huhu ce kan gaba, musamman ga mai shan sigari, don haka idan maigida ko baba na sha, ki riƙa duban hannunsa. Sai taruwar mugunya a cikin huhu ko a kewayensa, da lalacewar hanyoyin iska wadda ke sa mutum ya yi shekaru yana fitar da kaki mai yawa, da taurin huhu. Tarin fuka da ya daɗe yana cin huhu ba magani shi ma yana kawo shi, kuma wannan ne ya fi damuna, domin sau nawa ake jiƙe-jiƙe ana cewa sanyi ne har wata shida? Alhali gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware a Nijeriya. Ita asma kuwa, ita kaɗai ba ta kifar da farce. Mai asma ya ga haka, kada ya ce ai ciwon nawa ne, ya je a sake bincike.

Iyaye mata, ga naku. Yaron da aka haifa da matsala a zuciya, irin wadda jinin da bai ɗauki iska ba ke gauraya da mai iska, yatsunsa kan yi haka tun yana ƙarami. Za ki ga leɓensa da harshensa sun yi duhu, yana saurin haki, wani ma sai ya tsuguna a tsakiyar wasa ya huta. Kada a ce masa rago, kada a ce iskoki ne.

Yadda masana suka fi bayyana abin shi ne, akwai wasu manyan ƙwayoyi a jini da huhu ke tarewa ya farfasa. Idan huhun ya lalace, ko jini ya samu hanyar kewaye shi, sai su wuce su maƙale a ƙananan jijiyoyin kan yatsa, su saki sinadaran da ke sa tsoka da jijiyoyi ƙaruwa a wurin.

Hanta da ta ƙandare ma tana kawo shi, kuma kin san ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu. Haka kumburin hanji mai sa gudawa ta daɗe, da wani nau'in ciwon maƙoƙo. Akwai kuma waɗanda gado ne kawai, tun tasowa haka faratan gidansu suke, lafiyarsu ƙalau.

Farcen kansa ba shi da magani, shafe-shafe ba ya gyara shi. Ciwon da ke ciki ake nema, kuma sau da yawa idan an magance shi yatsun kan koma daidai. Idan kin je asibiti, likita zai so sanin tun yaushe kika lura, ko akwai tari, rama, zufar dare ko haki, sannan yawanci a fara da hoton ƙirji da gwajin jini. Idan kin shafa jan farce ki goge kafin ki tafi, don a ga launin farcen sosai.